Kwantiragin shekara biyar da ya ƙare cikin wata bakwai: nazarin lamarin Graham Potter

Ranar 4 ga Satumba 2022 Brighton ta lallasa Leicester da ci 5-2 a filinta na Amex, ta zauna a mataki na huɗu a teburin Firimiya da maki 13 daga wasa shida. A cikin wasannin nan har da wanda ta je Old Trafford ta doke Manchester United. Kwana huɗu kacal bayan wasan Leicester, mutumin da ya gina wannan tawaga, Graham Potter, ya rattaba hannu a kwantiragin shekara biyar da Chelsea. Daga wannan rana zuwa Oktoban 2025 an kore shi sau biyu, ya yi zaman wata 21 babu aiki, sannan ya karɓi aikin da wa'adinsa na farko bai kai rabin shekara ba.

Na daɗe ina bibiyar lamarin mutumin nan, saboda a cikin tafiyarsa shi kaɗai akwai kusan duk shawarwarin da koci ke fuskanta: yaushe zai bar inda ake son sa, me zai nema a rubuta masa a takarda, tsawon wane lokaci zai jira bayan an sallame shi, da kuma wane tayi ne ya kamata ya ce wa a'a. Yawancin masu magana a kansa suna tsayawa ne a kan Chelsea. Ni a wurina tuntuɓen da ya fi yi masa illa bayan Chelsea ya zo.

Sai an san inda ya fito kafin a gane girman abin da ya jefa a faifai. Potter bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Ɗan wasan baya ne na gefen hagu da ya buga wa Birmingham da Stoke da West Brom da York, wasa takwas kawai ya yi a Firimiya tare da Southampton, ya rataye takalmansa yana da shekara 30. Daga nan ya koma karatu, ya yi aikin ƙwallo a jami'o'in Hull da Leeds Metropolitan, har ya bi tawagar matan Ghana zuwa gasar cin kofin duniya ta 2007 a China a matsayin daraktan dabaru. A farkon 2011 ya kwashe iyalinsa ya tafi Östersund, wani gari mai tsananin sanyi a ƙasar Suwidin, inda ƙungiyar garin take rukuni na huɗu. Shekara bakwai da rabi ya yi a can. Ya hau da ita matakala uku zuwa babbar gasar ƙasar, ya ci kofin Suwidin a 2017, ya fitar da Galatasaray daga gasar Europa, kuma a Fabrairun 2018 ya je har Emirates ya doke Arsenal 2-1, ko da yake a jimillar wasa biyun Arsenal ce ta wuce. Ya yi kaka ɗaya a Swansea, sai Brighton ta ɗauke shi a watan Mayun 2019.

Abin da Brighton ta yi masa shi ne kan maganar. Ta ba shi shekara huɗu, kuma wata shida da fara aiki ta tsawaita kwantiragin zuwa 2025. Ba ta tsaya a takarda ba, ta nuna haƙurin a aikace. A duk tsawon shekarar 2020 wasan Firimiya ɗaya tak Brighton ta ci a gidanta. A ƙarshen 2021 ta jera wasa 11 ba nasara, har magoya baya suka yi wa 'yan wasa ihu bayan canjaras da Leeds. A watannin Fabrairu da Maris na 2022 ta sha kashi sau shida a jere. A ƙungiyoyi da yawa ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a miƙa wa koci takardar sallama. Mai ƙungiyar, Tony Bloom, da shugaban gudanarwa Paul Barber ba su girgiza ba, saboda sun saba auna wasa da ƙididdigar damar da aka samar, ba da sakamakon ranar Asabar kaɗai ba. Ƙungiyar ta ƙare ta 15, ta 16, sannan ta 9, matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa a lokacin. Akwai sashen da ke zaƙulo 'yan wasa masu araha daga ƙasashen da manyan ƙungiyoyi ba sa waiwaya, irin su Moises Caicedo daga Ekwado da Kaoru Mitoma daga Japan. Aikin Potter shi ne ya horar, ya tsara, ya jira 'ya'yan itacen su nuna.

Sai ga Chelsea ta ƙwanƙwasa ƙofa. A watan Mayun 2022 ne Todd Boehly da kamfanin Clearlake suka sayi ƙungiyar daga hannun Roman Abramovich. Cikin 'yan makonni waɗanda suka san ciki da wajen gidan suka watse: Bruce Buck, Marina Granovskaia, Petr Cech. Boehly da kansa ya riƙe kujerar daraktan wasanni na wucin gadi. Ranar 7 ga Satumba, washegarin shan kashi a hannun Dinamo Zagreb, suka kori Thomas Tuchel, mutumin da ya ci musu Gasar Zakarun Turai wata 15 kafin nan. Washegari aka gabatar da Potter. Chelsea ta biya Brighton kimanin fam miliyan 21 da rabi don ta sake shi tare da mataimakansa biyar, ciki har da Billy Reid da Bruno Saltor da Kyle Macaulay. Jaridun Ingila sun ce albashinsa ya kai wajen fam miliyan 12 a shekara.

A majalisarmu ta masu kallon ƙwallo an sha cewa kwaɗayi ne ya kai shi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina ganin bai yi wa mutumin adalci ba. Kujerun horarwa a Firimiya guda 20 ne. Daga cikinsu waɗanda ke kai mutum Gasar Zakarun Turai ba su wuce shida ko bakwai ba, kuma shekara da shekaru baƙi ne daga Sifaniya da Jamus da Italiya da Fotugal suke hawansu. Baturen Ingila mai shekara 47, wanda bai taɓa zama tauraron ɗan wasa ba, wanda ya taso daga filayen jami'a da rukuni na huɗu a Suwidin, sau nawa irin wannan ƙofa za ta buɗe masa? Darajar koci ba ta tsayawa wuri ɗaya. A makon da Chelsea ta zo, tasa tana ƙololuwa. Da ya ce a'a, Brighton ta sayar da wasu 'yan wasa biyu ko uku, ta ƙare ta 13, babu mai sake kiransa. Duk wanda ya san harkar ya san haka.

Inda nake ganin ya yi sake shi ne yadda ya karanta shekara biyar ɗin nan. Dogon kwantiragi yana yi wa ɓangarori biyu aiki daban. A wurin ƙungiya, katanga ce: duk mai son kocin sai ya biya diyya mai tsoka, kamar yadda Brighton ta ci ribar wa'adin 2025 da ta rubuta masa. A wurin koci, inshora ce ta aljihu, tana nuna abin da za a tattauna a kai ranar rabuwa. Amma ba ta hana ranar rabuwar zuwa. Sau da yawa ma ba a biyan duk shekarun da suka rage, domin a cikin takardar akan sa saɗarar da ta ƙayyade kuɗin sallama, ko a riƙa biyan mutum wata-wata har ya samu wani aiki. Chelsea kuwa gida ne da ya saba biyan wannan kuɗi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Lokacin da ta kori Antonio Conte a 2018, asusunta ya nuna ta kashe fam miliyan 26.6 a kan sallamarsa da mataimakansa da kuɗin shari'a. Sababbin masu ƙungiyar sun yi ta cewa zamanin kora ya wuce, aikin dogon zango suka zo yi. Amma waɗannan mutane su ne suka kori Tuchel kwana ɗari da karɓar ƙungiya, bayan sun kashe sama da fam miliyan 250 wajen saya masa 'yan wasa. Wannan ita ce shaidar da ke gaban Potter ranar da ya ɗauki alƙalami. Abin da ya kare shi a Brighton mutane ne da tsari, kuma a Chelsea a ranar babu ko cikakken daraktan wasanni.

Farkon ya yi kyau. Wasa tara ba a doke shi ba, ya ci AC Milan gida da waje. Sai ranar 29 ga Oktoba, da ya koma Amex. A gidan kallo na kalli wasan, a kan benci, cikin zafin janareta da hayaniyar 'yan adawa da suka zo musamman don su ga abin da zai faru. Minti biyar da farawa Leandro Trossard ya zura ƙwallo. Kafin hutun rabin lokaci Ruben Loftus-Cheek da Trevoh Chalobah kowanne ya ci gida. Kyamara ta riƙa komawa kan Potter yana tsaye a bakin layi, hannu a haɓa, mutanen da suka yi shekara uku suna rera sunansa yanzu suna rera masa cewa da safe za a kore shi. An tashi 4-1. Wani dattijo ɗan Chelsea da ke kusa da ni bai ce uffan ba har aka kusa tashi, sannan ya juyo ya ce, "Malam, yaran can sun san abin da suke yi, namu kuwa kowa da inda ya dosa." Wannan ita ce nasarar farko ta Roberto De Zerbi, wanda Brighton ta ɗauko cikin kwana goma da tafiyar Potter, kuma ya kai ta mataki na shida a ƙarshen kakar, ta shiga gasar Turai karon farko a tarihinta. Wannan ma ya rage wa Potter farashi a kasuwa, domin mutane sun fara tambaya ko gwanintar ta kocin ce ko ta gidan.

Watan Janairun 2023 ne ya ƙarasa dagula lissafi. Chelsea ta ɗauki 'yan wasa takwas a kan kuɗi kusan fam miliyan 300: Enzo Fernandez a kan miliyan 106.8, Mykhailo Mudryk, Benoit Badiashile, Noni Madueke, Joao Felix a matsayin aro, da sauransu. Daga nesa sai a ce an yi wa koci gata. A filin atisaye kuwa nauyi ne aka ɗora masa. Manyan 'yan wasa sun haura 30, alhali 11 ke shiga fili. Dokar UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta ba da damar saka sababbi uku kawai a jerin Gasar Zakarun Turai, don haka aka bar Badiashile a waje, aka cire Pierre-Emerick Aubameyang. Thiago Silva, ɗan wasan bayan Chelsea a lokacin, da bakinsa ya faɗa daga baya cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin sauya kaya saboda bai ɗauke su ba. Kocin da duk ƙarfinsa yake wajen zama da ɗan wasa, ya san halinsa, ya gina shi a hankali, yanzu kowane mako sai ya ɓata wa mutum goma sha rai. A watan Fabrairu Southampton da ke ƙarshen tebur ta zo Stamford Bridge, filin Chelsea, ta ci su 1-0. A cikin watan ne Potter ya shaida wa 'yan jarida cewa ana aiko masa da saƙonnin fatan mutuwa, shi da 'ya'yansa. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Babu albashin da ya halatta a yi wa mutum haka saboda ƙwallo.

Ya fitar da Borussia Dortmund ya kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Turai, amma hakan bai cece shi ba. Ranar 1 ga Afrilu Aston Villa ta ci su 2-0 a gida, Chelsea ta sauko ta 11. Washegari aka sallame shi. Wasa 31, nasara 12, canjaras 8, rashin nasara 11. A ranar ce Leicester ma ta rabu da Brendan Rodgers. Kwana tara kafin nan Bayern Munich ta kori Julian Nagelsmann, wanda shi ma shekara biyar aka rubuta masa, shi ma sai da aka biya Leipzig makudan kuɗi kafin a ɗauko shi, kuma wanda ya gaje shi Tuchel ne. Frank Lampard da ya riƙe Chelsea zuwa ƙarshen kakar wasa ɗaya ya ci cikin 11, ƙungiyar ta ƙare ta 12. Wannan ya wanke Potter a idon duk mai adalci, domin ya nuna ciwon ba a jikin koci yake ba.

Saboda haka a watan Afrilun 2023 sunansa bai mutu ba. Kocin da Chelsea ta kora ba ya rasa masu nema, tarihi ya nuna haka tun daga kan Carlo Ancelotti har zuwa Tuchel. An ruwaito cewa Leicester ta tuntuɓe shi cikin kwanaki, ya ce yana buƙatar hutu. Wannan kam daidai ne, jiki magayi. Daga baya aka ce Lyon ta Faransa ta neme shi bai amsa ba. A 2024 ya tattauna da Ajax ba a daidaita ba, Leicester ta sake dawowa, ƙarshe Steve Cooper ta ɗauka. Jaridu sun ce Chelsea ta ci gaba da biyan sa har zuwa wajen Oktoban 2024. A nan inshorar nan ta nuna ɗaya fuskarta. Mutumin da ake biyan sa yana zaune, kuma karɓar ƙaramin aiki zai iya rage masa abin da yake samu, ba shi da abin da zai tunzura shi ya yi sauri. Kuɗin sallama ya saya masa kwanciyar hankali, amma kowane wata da ya wuce sunansa yana ƙara dusashewa.

A duba yadda kasuwar ta kasance a 2024, shekarar da manyan kujeru suka yi ta buɗewa. Liverpool ta ɗauko Arne Slot daga Feyenoord. Chelsea ta ɗauko Enzo Maresca da ya hau da Leicester. Brighton, tsohon gidansa, ta zaɓi Fabian Hurzeler mai shekara 31 daga St. Pauli. Manchester United ta biya Sporting ta karɓi Ruben Amorim. Bayern Munich ta biya Burnley diyya ta ɗauki Vincent Kompany, makonni kaɗan bayan ƙungiyar tasa ta faɗo daga Firimiya. Dukkansu suna bakin aiki lokacin da aka neme su, ana ganin tawagarsu a talabijin kowane mako. Masu ƙungiyoyi sun gwammace su biya miliyoyi don wanda ke kan aiki a kan su ɗauki wanda yake zaune kyauta. Aikin tawagar Ingila, wanda aka yi ta alaƙanta Potter da shi bayan tafiyar Gareth Southgate, a watan Oktoba ya tafi hannun Tuchel.

Ajax ce ta fi tsaya mini a rai. Gida ne na renon matasa, gasar Holan ba ta da azabar Firimiya, kuma nesa yake da jaridun Landan. A ganina irin wurin da ya dace da baiwarsa ke nan, inda zai sake tuna wa duniya abin da ya iya.

Maimakon haka, ranar 9 ga Janairun 2025 ya karɓi West Ham, a kan kwantiragin shekara biyu da rabi, bayan an kori Julen Lopetegui wanda wata shida ya yi. Rahotanni sun ce da farko gajeren wa'adi zuwa ƙarshen kaka aka yi masa tayi, shi ya dage sai an tsawaita. Ya samu abin da ya nema a takarda. To amma sai mutum ya tambaya: bayan wata 21 yana cewa yana jiran aikin da ya dace, me ya gani a nan? Tsakiyar kaka ce, kamar Chelsea. Tawaga ce da aka haɗa don wani kocin, mai yawan masu shekaru, marar sauri a tsakiya. Daraktan da ya sayo 'yan wasan, Tim Steidten, ya bar aiki cikin wata guda. Ƙungiya ce da babban mai hannun jarinta a lokacin, David Sullivan, ya shahara da sa hannu a cinikin 'yan wasa, kuma magoya baya sun daɗe suna takun saƙa da mahukunta tun barin tsohon filinsu na Upton Park. Duk abin da ya rasa a Chelsea, a nan ma babu, kuma babu kuɗin Chelsea. A karon farko yana da uzurin cewa dama ce da ba ta zuwa sau biyu. A wannan karon ya riga ya ɗanɗana, ya kuma samu kusan shekara biyu na tunani. Ina jin tsoron zaman ne ya yi masa yawa, ya ga da babu gara ba daɗi.

Ya je Emirates ya sake doke Arsenal, 1-0, a watan Fabrairu, ƙungiyar ta ƙare ta 14. Da bazara aka sayar wa Tottenham Mohammed Kudus, ɗan Nima ta birnin Accra, a kan kimanin fam miliyan 55, wato aka cire ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ke iya yanka mutum da ƙwallo a tawagar. Sabuwar kaka ta buɗe da ci 3-0 a hannun Sunderland da ta hau daga rukuni na biyu, sai Chelsea ta zo gidansu ta zuba musu 5-1, Tottenham ta ci 3-0, Crystal Palace ta ci 2-1. Ranar Juma'a 26 ga Satumba ya zauna gaban 'yan jarida yana bayanin shirin wasan Everton. Da safiyar Asabar aka sanar da korarsa, kafin dare Nuno Espirito Santo ya hau kujerar. Wasa 25, nasara 6. Wannan kora ta fi ta farko ciwo nesa ba kusa ba. Kora ɗaya daga Chelsea kowa na iya ɗora wa Chelsea laifinta. Ta biyu kuwa, daga ƙungiya mai matsakaicin buri, ita ke sa masu ɗaukar koci a Firimiya su tsallake sunan mutum.

A wannan karon bai jira ba. Tawagar Suwidin ta shiga mawuyacin hali a wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, maki ɗaya daga wasa huɗu, duk da tana da Alexander Isak da Viktor Gyokeres a gaba, aka kori kocinta Jon Dahl Tomasson. Potter ya fito fili ya shaida wa wata kafar labarai ta ƙasar cewa yana sha'awar aikin, abin da bai taɓa yi ba a tsawon wata 21 ɗin baya. Yana jin yaren ƙasar, biyu daga cikin 'ya'yansa a can aka haife su, kuma a can har yanzu ana tuna shi a matsayin mutumin da ya ɗauko Östersund daga rukuni na huɗu. Ranar 20 ga Oktoban 2025, kwana 23 bayan barin West Ham, ya sa hannu. Wa'adin da aka rubuta masa ya ƙunshi wasa biyu na watan Nuwamba, da Suwizalan da Sloveniya, sai wasannin cike gurbi na watan Maris, da sharaɗin cewa idan ƙasar ta samu gurbi kwantiragin zai zarce da kansa har zuwa gasar.